Maiwada da Sojojin Cikin Rago

A unguwarmu ta bayan kasuwar rake a Makarfi, in ka ce kana neman Maiwada sai a tambaye ka wanne. In ka ce Dokta kuwa, ko akuya sai ta nuna maka gidan. Katangarmu ɗaya da shi, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Asalin doktancin nasa, ya taɓa yin gadi a wani ɗakin ɗaukar hoton ƙashi a Zariya, aka sallame shi saboda yana tare marasa lafiya a ƙofa yana gaya musu abin da ke damunsu kafin su ga likita. Ya dawo gida ya ci gaba da sayar da mazarƙwaila, amma bakinsa har yau bai dawo daga asibiti ba.

Abin ya faro ne a makon da autarsa Mukarrama ta haihu. Haihuwar fari ce, don haka a gidan iyayenta take wankan jego, kuma a nan za a yi suna. Mijinta Iliyasu, wani manomin tumatir daga Kudan, ya kawo ragon suna tun da wuri aka ɗaure a tsakar gida. Rago ne ƙosasshe mai ƙaho a murɗe, aibinsa ɗaya, yana ɗan ɗingisa ƙafar baya.

Ita kuwa Suwaiba, matar Maiwada, ba ragon ne a ranta ba. Tana da wasu 'yan kunne na zinare, ƙanana masu siffar tauraro, da ta gada wurin mahaifiyarta. Duk 'ya macen da aka haifa a zuriyarsu, su ake fara sa mata ranar suna. An sa wa Suwaiba, an sa wa Mukarrama, yanzu ga jika mace ta zo. Suwaiba za ta iya yafe maka ka ƙone mata ɗaki, amma ban da ka taɓa gwangwanin da take ajiye taurarin nan.

Muna zaune a majalisarmu ta gaban shagon Felix mai faci, sai ga Maiwada ya taho yana ɗaga waya sama.

"Ku matso ku ga ilimi," ya ce. "Kowane mai rai yana da sojoji a cikin jininsa, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Cuta na shiga jiki sai su far mata. To, masana sun ɗebo sojojin nan daga jikin ɓera, sun ciyar da su garin zinare, sun mayar da su. Da aka haska ɓeran da na'urar hoton ƙashi, sai ga inda suka taru ya fito fes. Inda suka yi sansani, nan cutar take. Ɓeran kuma yana nan da ransa, ba a yanka shi ba."

Felix ya ɗago daga tayar da yake gogewa ya ce, "Wato ɓera na cin zinare, mu muna nan muna shan garin kwaki."

"Kai dai faci ka sani. Ni tun ina Zariya na riga su wannan tunanin, kayan aiki ne kawai ban samu ba. Kun ga ragon surukina mai ɗingishi? Ranar suna, a gaban kowa, zan nuna muku hoton sojojinsa sun yi cincirindo a kan ciwon."

Na ce, "Dokta, ina za ka samo zinare?"

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ari magagarin Felix na goge ƙarfe ya sa a aljihu. A take jikina ya ba ni cewa gwangwanin Suwaiba ya shiga uku.

Washegari da hantsi, mata suna can bayan gida wajen tukunyar ruwan wanka, na ji wani tim! kamar an yar da buhun masara, sai kuma salati. Na leƙa ta katanga. Ga Maiwada a kwance rigingine, hula a gefe guda, tabarau a wani gefen. Ga rago ya tsoma baki cikin kwanon dusa yana ci hankali kwance. Na zagaya da gudu na ɗaga shi, yana tari yana riƙe da haƙarƙari.

"Ruwa," ya ce da ƙyar. "Numfashina ya tsaya a maƙogwaro."

Na ba shi moɗa ya shanye, ya yi gyatsa, sannan ya fara lalube a ƙasa. Ya duba ƙarƙashin turmi, ya zazzage aljihu, ya kakkaɓe hula. Daga nan ya tsaya yana kallon ragon da ke lashe gindin kwano.

"Maƙwabci, ka rufa mini asiri. Ɗaya daga cikin 'yan kunnen na ɗauko. Wallahi ɗan gari kaɗan na so in goga a dusa in mayar. Na sunkuya in gyara igiya, la'anannen nan ya tunkuye ni. Yanzu ya haɗiye tauraron ɗungurungum."

Na ce, "To sai ka je ka gaya wa Suwaiba tun abin bai yi nisa ba."

"In gaya mata? Kai ka taɓa ganin an gaya wa wuta ga fetur?" Ya miƙe yana cije baki, sai kuma fuskarsa ta washe. "Ai ma gara haka. Masanan can gari kawai suka bayar. Ni sojojina zinare sukutum suka samu."

Felix yana tsaron ƙofar cocinsu ranar Lahadi, kuma akwai wata sanda da yake shafa wa masu shiga, in ta ji ƙarfe sai ta yi ƙara. Maiwada ya je ya aro ta, ya ce ƙanwar na'urar hoton ƙashi ce, uwarsu ɗaya. Felix ya biyo shi don kada a karya masa kayan coci, 'yan majalisa kuma suka biyo Felix don kada a ba su labari.

Maiwada ya rungume wuyan ragon ya manna a cikinsa, ya kawo sanda. Ta ce tiiit!

"Kun ji? Suna wuya!"

Rago ya fizge, Maiwada ya cafko shi ta baya, ya danne ƙugunsa da tumbinsa, ya sake kawo sanda. Tiiit!

"Allahu akbar, har sun isa wutsiya!"

Felix ya ce, "Sojojin nan da babur suke yawo?"

Duk inda Maiwada ya kwanta a jikin ragon, nan sanda take kuka. Da Felix ya karɓa ya shafa daga nesa da kansa, sai ta yi gum. Maiwada ya ce ai dole, na'ura ta san hannun ma'abocinta. Aka watse ana dariya, shi kuma ya ɗauka tafi ake yi masa.

Da jama'a suka tafi, sai ya shiga aikin gaske, wato neman tauraro ta ƙofar fita. Ya jiƙa kanwa ya ɗura wa rago. Ya dama tsamiya ya ɗura masa. Ya ɗauko rariyar Suwaiba ta tankaɗen garin tuwo, ya tsuguna a bayan rago, duk abin da ya faɗo sai ya murje ya tankaɗe. A haka Suwaiba ta fito ta same shi.

"Malam, me nake gani haka?"

"Bincike ne."

"Da rariyata?"

"Ilimi ba ya ƙyama, Suwaiba."

Ta kalle shi, ta kalli rariyar, ta ce, "Riƙe ta. Daga yau ta zama taka, kada in sake ganinta kusa da madafina." Ta juya tana faɗin ita dai Allah ya haɗa ta da jarrabawa mai hula.

Kafin jajibirin suna, kanwa da tsamiya sun yi aikinsu. Ragon da ya shigo gida yana taƙama ya koma sai ido, tsakar gida kuwa ba ta takuwa. Tauraro dai ko ƙyallinsa. Da Iliyasu ya zo daga Kudan da buhun shinkafa, ya ga ragonsa, sai da ya ja da baya. Amma suruki ne, kuma yaro ne mai kunya irin ta da. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai.

"Ka ga yadda ya faɗa?" in ji Maiwada. "Alama ce mai kyau. Sojoji ne suke cin kitsen."

"Haka ne, Baba."

"Yanzu za ka ɗauke mu a babur zuwa Ikara. Akwai mai hoton ƙashi a can, abokiyar aikina ce."

"Haka ne, Baba."

Ko da Maiwada zai ce masa rana daga yamma take fitowa, amsar da zai samu ke nan. Haka suka kama hanya, Iliyasu a gaba, Maiwada a baya, rago a tsakiya an lulluɓe shi da zane. Ni ma na bi su a nawa babur, don irin wannan ba a barin wani ya gani maka.

Mai ɗakin hoton wata mata ce, Madam Paulina, kuma ba ta taɓa ganin Maiwada ba a rayuwarta. Ya shiga yana jan igiya, ya ce mata ya kawo maras lafiya.

Ta leƙa ƙarƙashin zanen ta ce, "Baba, wannan rago ne."

"Na sani. A ƙasashen da suka ci gaba har ɓera ake ɗauka."

"To ka kai shi can. A kan gadon nan mutane suke kwanciya. Kuma ga shi yana ɓata mini siminti, don Allah ku fitar da shi!"

Iliyasu ya ja rago waje ya ɗaure a jikin wani turke. Maiwada ya buɗe baki zai yi mata lacca a kan sojojin jini, sai haƙarƙarinsa ya soke shi, ya dafe ya yi nishi. Madam Paulina ta tambaya, na gaya mata ragon ne ya tunkuye shi. Ta ce to Maiwada ne maras lafiyar, ya cire riga ya hau. Ya hau yana gyara mata yadda ake saita na'ura, tana ce masa ya ɗauke numfashi ya yi shiru, wanda a iya sanina shi ne karo na farko da wani ya sa shi yin hakan.

Tana fito da hoton ke nan, ba ta gama dubawa ba, sai ihu ya tashi a waje. Rago ya tsinke igiya ya faɗa cikin kwandunan tumatir da aka jera ana jiran mota. Maiwada ya fizge hoton daga hannunta ya cusa cikin riga ya yi waje.

"Baba, tsaya! Akwai abin da na gani!"

"Ni ma na iya karantawa!" ya ce, bai ko waiwaya ba.

Sai da aka yi ta ba masu tumatir haƙuri, Iliyasu ya yi musu alkawarin kwanduna daga gonarsa, sannan suka saki ragon, bakinsa jajir. A hanyar dawowa na ce wa Maiwada alkawarin hoto ya sha ruwa ke nan. Ya daki ƙirjinsa inda hoton yake, ya ce ƙashi ai ƙashi ne, wa zai bambanta a Makarfi?

Ranar suna da safe an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Dangin Iliyasu sun cika mota daga Kudan, Felix ya zo da matarsa, liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya suna Khairiyya. Ana rabon goro da dabino, Bashir mahauci yana wasa wuƙa, sai Maiwada ya miƙe cikin babbar riga ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kafin a kayar da rago, ku shaida abin da ba a taɓa yi ba daga nan har Kaduna. Ga cikin ragon nan, yana raye, ba a yanka ba!"

Ya zaro hoton ya ɗaga wa rana. Sai a lokacin shi kansa ya fara kallonsa. Mutane suka yi caa a kansa. Ga haƙarƙari a jere, ga ƙashin baya, can ƙasa kuma ga wani abu fari tas, ɗan mitsitsi, mai tsinaye.

Wani dattijo daga Kudan ya nuna da sandarsa ya ce, "Wannan mai kama da tauraro fa?"

Na ga Maiwada ya ƙura ido. Na ga hannunsa ɗaya ya sauka a hankali ya dafe ciki. Gumi ya keto masa, amma bakin nan bai mutu ba.

"Wannan... shi ne sansanin sojojin."

Daidai nan salati ya tashi daga cikin gida. Suwaiba ta buɗe gwangwani za a sa wa jaririya 'yan kunne, ta tarar da ɗaya. Ta fito har zaure da mayafi a karkace, tana rantsuwa ba mai fita daga gidan sai an caje shi. Tana ɗaga ido ta hango hoton a hannun mijinta, rana ta haske shi. Matar da ta shekara da shekaru tana goge abin nan da bakin zaninta ba ta bukatar a karanta mata.

"Malam, me ɗan kunnena yake yi a cikin hotonka?"

"Yauwa! Kin ga amfanin ilimi? Rago ne ya haɗiye shi, ni kuma na gano miki inda yake. Bashir, bisimilla!"

Ban san me yake fata ba. Wataƙila yana jiran Allah ya mayar da tauraron cikin rago saboda shi. Aka kayar da rago, liman ya yanka, Bashir ya feɗe. Ya fito da tumbi ya farka a cikin daro, dattawa sun kewaye shi, Suwaiba tana tsaye a bakin zaure ta riƙe ƙugu. Aka samu dusa, aka samu 'ya'yan tumatir, aka samu guntun leda. Aka bi hanji kamu-kamu ana matsewa. Babu tauraro.

Felix ya ce a ba shi sandarsa. Ya shafa a kan tumbi, shiru. Ya shafa a hanji, a kai, har da fata, shiru. Ya miƙe yana cewa ƙila batir ne ya mutu, yana juyowa sandar ta gifta gaban babbar rigar Maiwada.

Tiiit!

Felix ya janye sandar, ya sake matso da ita a hankali saitin cibiya. Tiiit!

"Makullin shago ne," in ji Maiwada.

Aka ciro makulli aka ajiye. Tiiit! Aka cire agogo, aka cire zobe, aka zazzage aljihu. Tiiit!

Bashir ya goge hannu ya karɓi hoton ya juya shi sama da ƙasa. "Dokta, tun ɗazu nake son in yi tambaya. Na yanka raguna ba iyaka, amma ban taɓa ganin rago mai kafaɗun mutum ba."

Maiwada ya juya wajen mafakarsa ta ƙarshe. "Iliyasu, kana wurin. Ba ragon aka ɗauka ba?"

Iliyasu ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsa. Liman ya ce, "Yaro, tsakaninka da Allah."

"Allah gafarta Malam, lokacin da aka ɗauki hoton, rago yana waje yana cin tumatirin mutane." Ya ƙara yin ƙasa da murya. "Kuma matar ta biyo ni bakin babur, ta ce haƙarƙarin Baba lafiya lau, amma ya haɗiyi wani ƙarfe. Ta ce in ya ji ciwon ciki a kawo shi da gaggawa, in bai ji ba ya riƙa dubawa duk lokacin da ya... in ya zagaya. To ni ina zan iya gaya wa Baba wannan magana?"

Dattijon Kudan ne ya fara fashewa, goro ya fito masa ta baki. Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Mata a cikin gida suka ɗauka, har Mukarrama ana jin ta tana cewa a bari, cikinta zai yi ciwo. A cikin hayaniyar Maiwada yake ta bayani ba mai saurare, wai a leɓe ya maƙale ɗan kunnen don ya samu hannun gyara igiya, kamar yadda tela yake riƙe allura, kuma ko a ƙasashen waje ana samun irin wannan.

Felix ya share hawaye ya ce, "Dokta, ka cika alkawari. Ka ce za ka nuna mana cikin dabba tana raye, ga shi mun gani."

Suwaiba kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, domin na san abin uwarta ne, kuma yau ce ranar da ta daɗe tana jira. Ta juya ta shiga gida. Muna tsammanin taɓarya za ta ɗauko, sai ga ta da ƙaton kwano na jiƙon kanwa da tsamiya a hannu ɗaya, buta a ɗaya hannun, rariyar nan kuma a hammata. Ta dire su a gabansa, gaban surukai da liman da kowa.

"Jikarka an sa mata a kunne ɗaya, ɗayan yana jiranka. Ga kayan aikinka nan, ai ka riga ka ƙware."

Ƙamshin suyar hanta ya fara tasowa daga cikin gida. Maiwada ya haɗiyi yawu, ya dubi kwanon kanwa, ya dube ta.

"To, naman sunan fa, Suwaiba?"

"Wanda ake bincike a kansa ba ya cin nama," ta ce. "Shi ma ragon dusa ka ba shi."